Wa Yake Cinye Mana Yunit?

 Rubutun nan yana da tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye shi sai ya samu sarari. Na daɗe ina son in rubuta, kunya ce take hana ni, don idan kuka kai ƙarshe za ku ga ni ne ban fita da kyau ba a labarin.

Mu shida ne a gidan da muke haya a Mairi. Ɗaki uku, mutum biyu-biyu, banɗaki ɗaya, tanki ɗaya a sama, mita ɗaya irin ta kati. Duk farkon wata kowa ya kawo dubu uku, a haɗa a sayi yunit, ɗayanmu ya tsaya gaban mita yana danna lambobin nan guda 20 sauran suna karanto masa kamar masu biya karatun allo. Haka muke tun da muka tare, kuma kuɗin yana kai mu ƙarshen wata, wani lokacin har da ɗan saura.

Kafin in shiga rigimar, bari in tuna mana inda muka fito, don ƙannenmu da suka shigo UNIMAID kwanan nan ba lallai su gane halinmu da wuta ba. A watan Janairun 2021 'yan tada ƙayar baya suka kayar da turakun babban layin da ke kawo wuta Maiduguri daga Damaturu. Aka yi wata biyu ana gyara, wuta ta dawo a watan Maris, gari ya ɗauki murna, ba a yi kwanaki ba aka sake kayar da su. Kusan shekarar nan gaba ɗaya a duhu Yerwa ta yi ta. Mu da muka ga wannan zamanin mun san layin mai caji, mun san karatu da fitilar waya, mun san ƙanƙara ta zama abin marmari. Sai a watan Maris na 2023 Shugaba Buhari ya zo ya buɗe tashar nan mai amfani da iskar gas mai ƙarfin megawat 50. Bayan kusan wata uku kuma aka cire tallafin fetur, ƙaramin janareta ya koma kayan ado a ɗakin ɗalibi.

Abin da wannan ya bar mana shi ne wata ɗabi'a: da an kawo wuta sai mu yi mata irin kamun da ake yi wa famfon unguwa ranar da ya kawo ruwa. Kowa ya ruga, a jona waya, a jona hita, a jona dutsen guga, a kunna fanka ko ana sanyi. Mun koyi jiran wuta, mun koyi haƙurin rashinta, amma babu wanda ya taɓa koya mana ƙirga ta. Ni dai har na kai aji uku ban san mene ne yunit ɗaya ba. Na san dai lamba ce da take raguwa.

To, da hunturun ƙarshen 2024 ya shigo sai lissafi ya rikice. Katin da yake kai mu wata ya ƙare a kwana goma sha tara. Muka ce ko an yi ƙarin kuɗi ne, don kowa ya ji labarin ƙarin da aka yi wa 'yan Band A a watan Afrilun 2024, da yunit ya koma naira 225. Amma wannan na waɗanda aka yi wa alƙawarin awa 20 ne a rana, layinmu ba ya ciki, kuma da muka duba rasit muka ga adadin yunit ɗin da aka ba mu daidai yake da na watan baya. Ke nan ba tsada wutar ta yi ba, shanta ake yi. Kuma a cikin gidan nan mai shan yake.

Kun san yadda zargi yake tafiya a gidan haya. Ba ya neman hujja, abin da ido ya gani yake bi. A cikinmu akwai wani ɗan Biu, mutum mai shiru, wanda shi yake riƙe da kansa a karatu. Sana'arsa buga wa ɗalibai aikin gida da furojet. Teburinsa kuwa in ka gani sai ka ce shagon gyaran waya: laftof, ƙaramar firinta, doguwar soket mai baki shida, wayoyin abokan ajinsa jere suna caji, fitilu ja da kore suna ta ƙyaftawa. Ƙarfe biyun dare in ka fito fitsari za ka ji ƙarar madannai daga ɗakinsu. Duk sauran gidan duhu, shi kaɗai ke da haske.

Ni na fara furtawa. Bayan sallar isha'i muna zaune a tsakar gida na ce, "Malam, gaskiya fa a duba. Mu muna barci kai kana kasuwanci da wutar da muka yi karo-karo. Ba adalci a nan." Ya ɗago ya ce, "Wallahi laftof ba ta cin wuta yadda kuke zato." Muka kwashe da dariya. Wani ya ce, "To aljanu ne suke sha ke nan?" Aka yanke shi zai riƙa biyan dubu shida, mu dubu uku-uku. Bai yi gardama ba. Ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, ya tashi ya shige ɗaki. Ya biya na Disamba, ya biya na Janairu.

Katin Janairu ya ƙare a kwana ashirin da ɗaya, duk da ƙarin dubu ukun nasa.

A nan ne abokin ɗakina, wanda ke karanta injiniyancin lantarki, ya ce ya gaji da shari'ar da babu shaida. Da ya dawo daga wani zuwa Kano sai ga shi da wata 'yar soket fara da ba ta wuce tafin hannu ba. Irin waɗanda ake kira soket mai wayo, da kamfanoni irin su Tuya da Sonoff suke yi. Ana cusa ta a soket ɗin bango, sannan a jona kayan wuta a jikinta. Tana haɗuwa da waifai, ka sauke manhajarta a waya, daga nan kana iya kunnawa da kashewa daga inda kake, kana iya sa mata lokaci, kuma wadda ya sayo tana da abin da ya fi komai amfani a wajenmu: tana auna wutar da ta bi ta cikinta. Muna da 'yar maifai ɗaya a gidan mai batir, da ita muka haɗa.

Kafin ya jona komai sai da ya zaunar da mu ya yi mana lakcar da ya kamata a ce tun sakandare muka riƙe. Yunit ɗaya a mita shi ne wat dubu na tsawon awa ɗaya. Shi ke nan. Kowane kayan wuta an rubuta wat ɗinsa a jiki ko a kan cajarsa, ka juya ka duba. Ka ninka wat da awannin da abin yake aiki, ka raba da dubu, yunit ɗinka ke nan. Ya ce za mu zagaya da soket ɗin, kowane abu ya kwana biyu a kanta, a rubuta a bayan wani tsohon littafi.

Da teburin ɗan Biu aka fara, tun da shi ne wanda ake tuhuma. Aka jona doguwar soket ɗinsa gaba ɗaya, laftof da firinta da wayoyin mutane. Ni har ina zumuɗin ganin lambar. Bayan kwana biyu aka buɗe manhaja: duk teburin nan bai sha yunit ɗaya ba a rana. Na ce ƙarya ne, abin ya lalace. Injiniya ya ɗauko cajar laftof ɗin ya nuna mini an rubuta wat 65, ya ce ko ta kwana tana jan iyakar ƙarfinta sai ta yi awa goma sha biyar kafin ta ci yunit guda. Waya kuwa, ya ce batir mai lamba 5000 da yawancinmu muke riƙewa, sai ka cika kusan guda arba'in daga sifili kafin yunit ɗaya ya tafi. Guda arba'in, jama'a. Duk wayoyin da muke gani jere muna cizon yatsa, abin da suke sha bai taka kara ya karya ba.

Tsakar gidan ta yi tsit. Shi dai bai ce komai ba, yana ɗaki yana buga aikin wani.

Na biyu firij ne, wani tsoho da muka haɗa kuɗi muka saya na hannu. Ya sha fiye da yunit biyu a ranar da wuta ta daɗe, a cikin hunturu fa, lokacin da ruwan randa ma ya fi ƙarfin haƙori. Injiniya ya saka takarda a bakin ƙofarsa ya rufe, ya ja, ta zare salin-alin babu abin da ya riƙe ta. Robar ƙofar ta saki, sanyi yana fita, injin ba ya hutawa. Ƙwayayen fitila biyu na waje ba a iya jona su a soket, amma da aka hau kujera aka duba, tsofaffin nan ne masu launin ɗorawa, wat ɗari-ɗari. Su biyun in suka kwana awa goma a kunne, yunit biyu ke nan. Tun ranar da muka tare muke wucewa ta ƙarƙashinsu, babu wanda ya taɓa ɗaga kai. Ga kuma injin da ke tura ruwa tanki, wanda ake kunnawa a manta sai maƙwabta sun ƙwanƙwasa ƙofa sun ce ruwa yana zuba ta bayan katanga.

Sannan aka zo kan hitata.

Hita ce irin ta zobe da ake tsomawa a bokiti, na saye ta a Monday Market da sanyi ya fara. Wat 1500 aka rubuta a jikinta, ban taɓa karantawa ba. Minti arba'in nata yunit ɗaya ne cif. Ni kuwa kun san ni da tsoron ruwan sanyi. Da asuba in ɗumama na alwala, in ɗumama na wanka, in bar ta a ciki in koma bargo "na minti biyar". Ruwan ya yi zafin da sai na sirka da rabin bokiti na sanyi, wato rabin wutar a banza ta tafi. Da yamma shayi, da dare taliya. Sauran ma suna ara, amma tawa ce, kuma ni na fi kowa. Manhaja ta nuna yunit uku da ɗoriya a rana ɗaya. Wanka ɗaya nawa ya fi abin da teburin ɗan Biu yake ci a yini guda da darensa. Kuma kwanan watan da katinmu ya fara gajarta ya yi daidai da makon da na shigo da ita gidan.

Ban taɓa zargin hitar ba saboda ba ta da fitila, ba ta ƙara, kuma a banɗaki take aiki inda babu mai gani. Ƙa'idar da Injiniya ya ba mu ranar ita ce wadda nake so kowa ya ɗauka daga dogon surutun nan: duk abin da aikinsa ya samar da zafi, shi ne mai ci. Hita, dutsen guga, risho na lantarki, butar lantarki. Bayansu sai masu babban inji, kamar firij da injin ruwa. Waya da laftof da ƙwan LED 'yan rakiya ne.

Gyaran bai ɗauki lokaci ba. Aka canja ƙwayayen waje da LED masu wat goma. Mai gyara ya canja robar firij. Injin ruwa kuwa Injiniya ya ƙi yarda a ɗora shi kan soket mai wayon, ya ce inji yana jan wuta mai yawa a lokacin tashi, ƙaramar soket ba za ta jure ba. Sai muka roƙi Baba mai gida aka sa wa tankin makunni mai tasowa a kan ruwa, wanda da tanki ya cika yake yanke injin da kansa. Wannan ba ya buƙatar waya ko data, kuma a ganina ya fi soket ɗin wayo.

Ita soket ɗin aka bar ta a kan hita, aka sa mata minti ashirin ta kashe kanta. Sai kuma wani saiti da ban san da shi ba, wanda a ƙasarmu ya fi duk sauran daraja. Kana iya gaya mata cewa idan aka ɗauke wuta aka dawo da ita, ta zauna a kashe sai an kunna ta da hannu. Ku tuna sau nawa aka ɗauke wuta kana tsakar guga, ka ja tsaki ka tafi lakca ka bar dutsen a jone. Sau nawa aka dawo da ita ƙarfe ukun dare kowa yana barci. Ni akwai daren da na bar hita a bokiti aka ɗauke, na manta. Warin roba ne ya tashe mu, ruwan ya ƙone, gindin bokitin ya narke. Allah ne ya tsare. A lokacin labarin dariya muka mayar da shi, ban taɓa haɗa shi da lissafin mita ba.

Kada wani ya ɗauka talla nake yi, abin yana da nasa ciwon kai. Waɗanda suka ƙera shi gidan da wuta da intanet ba sa yankewa suka hango. Mu in aka ɗauke wuta soket ɗin ta mutu, in datar maifai ta ƙare ba ka ganin komai a manhaja. Tamu in wuta ta dawo babu intanet sai lokaci ya rikice mata, shi ya sa muka daina sa mata jadawalin ƙarfe kaza, muka tsaya kan ƙidayar minti. Sannan wanda zai saya ya duba amfiya: mai 16 ita ce ta kayan zafi, mai 10 a bar ta ga fanka da caji, kuma kada a haɗa mata hita da dutsen guga a lokaci ɗaya ta doguwar soket mai arha. 'Yan hostel kuma, inda dokar masauki ta hana hita, soket mai wayo ba ta halatta ta.

Wanda ba shi da kuɗin saya ma ba a bar shi a baya ba. Mitarku tana da wata 'yar jar fitila da take ƙyaftawa, kuma gwargwadon wutar da ake ja gwargwadon saurinta. Ku kashe komai na gidan ku tsaya ku kalle ta. In ta ci gaba da ƙyaftawa, akwai abin da ke jone da ba ku sani ba, wataƙila ma ba a cikin gidanku yake ba. Daga nan ku riƙa kunna abu ɗaya-ɗaya. Ranar da na kunna hita na ga yadda fitilar nan take rawa, sai da na ji kamar kuɗi ne ke zuba daga aljihuna. Ko kuma ku rubuta lambar mita da dare, ku sake dubawa da safe. Da mun yi haka tun Disamba, da ba mu ci kuɗin bawan Allah ba.

Akwai kuma wata fitinar da ban hango ba. Manhajar a wayata aka fara sa ta, ni kuma sabon tuba ya fi kowa zafi. Na koma ɗan sandan gida. Ina zaune a aji sai in buɗe in ga an kunna hita, in aika saƙo a guruf ɗinmu na WhatsApp, "Wane ne a banɗaki?" Wata rana na kashe ta daga makaranta, ashe ɗaya daga cikinmu ne zazzaɓi ya kwantar yana ɗumama ruwan shan magani. Da na dawo ya ce mini, "Mutumina, da kai ne ɓarawon, yanzu kuma kai ne alƙali?" Ban samu amsa ba. Mutumin da ya zargi wani babu hujja, da ya samu hujja a hannu sai ya zama ya fi da takurawa.

Katin Fabrairu ya kai ƙarshen wata har da saura. Na Maris, da azumi ya zo da zafi, fanka uku suna juyawa dare da rana, firij yana aikin ƙanƙarar buɗa-baki, shi ma ya kai, da ƙyar dai. Kowa ya koma dubu uku.

Saura dubu shidan ɗan Biu. A ƙa'ida mu biyar ne muka ci, amma bakina ne ya jawo, kuma bokitina ne ya sha. Na yi sati biyu ina juya maganar, ina cewa ai shi bai tambaya ba. Ranar da aka turo mini kuɗi daga gida na cire su na same shi a teburinsa. Na ce, "Malam, ga haƙƙinka. Ka yafe mini, na zalunce ka." Na zaci zai ce haba, a bar shi, ba komai. Har na shirya yadda zan matsa masa. Sai ya karɓa, ya ƙirga a gabana ɗaya bayan ɗaya, ya sa a aljihu. Ya ce a wata biyun nan a ƙasa yake zuwa makaranta ya dawo, don kuɗin keke ne ya koma mita. Ya ce abin da ya fi ci masa rai ba kuɗin ba ne, dariyar da muka yi ce lokacin da ya rantse. Sannan ya ce ya yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya, ya juya ya ci gaba da bugun aikinsa.

Da daren muka yi zama, aka cire manhajar daga wayata. Da aka tambayi wa za a ba, mutum huɗu suka nuna shi a lokaci ɗaya. Ya ce ya karɓa bisa sharaɗi biyu: ba zai kashe wa kowa komai daga nesa ba, kuma duk ranar Juma'a zai tura hoton lissafin a guruf kowa ya gani da idonsa.

Yanzu sanyi ya sake shigowa, hita ta fito daga ƙarƙashin gado. Yau da asuba ta kashe kanta a minti ashirin, na taɓa ruwan na ji bai kai yadda nake so ba. Na leƙa ɗakinsu na ce, "Malam, a ƙara mini minti goma mana." Bai ɗago daga laftof ba ya ce maɓallin yana jikin soket, in danna da hannuna, amma in sani minti goma rubu'in yunit ne, kuma Juma'a jibi ce.

Da ruwan a haka na yi wankan.